Zanzaro Bai Cike Fom Ba

Ɗaki ɗaya nake so, da 'yar rumfa gabansa,
Inna ta bar na laka mai yoyo da damina.
Ban ce bene ba, ban ce soro mai tsani.

Na sai da gyaɗa buhu tara a Mai'aduwa,
na sayi siminti, Tanimu ya buga bulo,
muka ja igiya da sanyin safiya.
Layi uku muka kai. Ran Talata da hantsi
wani yaro a kan babur, da gwangwanin jan fenti,
ya rubuta a bangon da bai kai gwiwata ba:
A DAKATA. A NEMO IZINI.

Kakana Barmo ya sari wurin nan da gatari,
shaidarsa tsamiya da turken jakinsa.
Iyakarmu da gidan Mati aduwa ce guda biyu,
ko makaho a garin nan ya sani.
Duk da haka na sa hular Juma'a, na nufi Sandamu.

A sakatariya benci ne dogo, ƙafarsa ɗaya dutse.
Oga ya fita. Oga na taro. Oga ya je ta'aziyya Zango.
Masinja Ɗanlami, da goro a kunci,
ya ce, "Kawo takardar mai unguwa, da ta dagaci,
hoto huɗu mai farin baya,
da zanen ɗakin daga hannun gwani."
Na ce, "Zane? Kusurwa huɗu ce da ƙofa."
Na zana masa da yatsa a ƙurar teburi.
Ya hure. Ya ce, "Wannan ba ya shiga fayil.
Dawo Litinin, mu gani."

Litinin ta haifi Litinin.
Na san kukan ƙofar, na ci bashin mai shayi.
Can a kusurwa, saman kabad ɗin takardu,
zanzaro na kai da kawo da laka a baki.
Ran da na fara zuwa, ɗaki ɗaya gare shi.
Ran da na biya kuɗin fom, ya yi uku.
Ran da fayil ɗina ya ɓace,
aka tsince shi ƙarƙashin kular abinci,
ya shafe na bakwai, ya zuba iyali.
A tsakiyar ofishin izini ya tada unguwa,
ba wanda ya ce da shi ina rasit,
ba mai kallonsa ma sai ni.

Malam Zayyana ya zo da tef ranar Laraba.
Ban ba shi ko sisi ba, shi ma bai tambaya ba.
Ya sha ruwan randa, ya auna, ya sake aunawa,
ya ce, "Ja da baya taku shida.
Titi zai faɗaɗa, nan kwalbati za ta bi.
In ka bar shi a nan, wata rana
katafila ce za ta yi maka bayani."
Layi ukun nan da hannunmu muka rushe su.
Tanimu bai ce mini uffan ba tsawon yini.

Takarda ta fito ran da aka yi ruwan shuka.
Hatimi shuɗi, sa hannu kamar sawun kaza.
Buhu biyu na siminti sun sha sanyi, sun daskare,
yanzu su ne kujerun baƙi a ƙofar gida.
Ashe asara ma tana da amfani.

Inna ta juya takardar, kai a ƙasa,
ta shinshina, ta ce, "Me ta ce?"
Na ce, "Ta ce an yarda in yi ɗaki a gidan ubana."
Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta,
ta ce, "Madalla, sun kyauta. Miƙo mini tasa,
ga hadari can, kuma ɗigon ya matso saitin zani."

Na naɗe takardar a leda,
na sa ta a gwangwanin da Baba ke tara
rasit ɗin haraji tun wancan zamani.
Gobe Tanimu zai zo, in gona ta sake shi.
Taku shida baya, inda inuwar tsamiya ta ƙare,
za mu sake jan igiya,
mu sake fara gini.